Ƙararrawar injin jirgi na kuka a kan hanya: yadda ake bin sawun wayar ba tare da an yanke ta ba

Wani ƙanenmu mutumin Yawuri, mai tuƙa jirgin fasinja tsakanin Ikorodu da tashar CMS a ruwan Legas, shi ya aiko da tambayar. Injinsa Yamaha ne mai ƙarfin doki 200, tu-sitirok, wato mai cin fetur haɗe da baƙin mai, tokumbo. Ya ce kusan mako 3 ke nan ƙararrawar da ke cikin akwatin rimot, wato akwatin makulli da hannun totur da giya, tana kama kuka a tsakiyar tafiya, inji ya rage gudu da kansa, alhali ruwan sanyaya inji yana fita ta baya kamar kullum. Abin ya fi faruwa in jirgi ya daki taguwa ko in ya karya sitiyari sosai. Wani makaniki ya ce masa a yanke wayar kowa ya huta. Yana tambaya: a yanke, ko akwai gyara?

Ƙanena, Allah ya tsare hanya. Kada ka bari a yanke. Na daɗe ina aikin wayarin jiragen ruwa a bakin ruwan Apapa, kuma injunan da na ga sun buga saboda an rufe wa ƙararrawa baki sun fi waɗanda tsufa ya kashe. Yadda ka kwatanta abin, ina kyautata zaton waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, kuma gyaranta ba zai cinye maka yini guda ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, don haka sai mun fara tabbatar da cewa ba gaskiya take faɗa ba.

Ka fara fahimtar yadda aka haɗa ta, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Ƙararrawar, wadda wasu ke kira boza, wayoyi 2 gare ta. A Yamaha ɗaya rawaya ce, ɗaya ruwan hoda. Da zarar ka murɗa makulli, rawayar ta kawo mata wutar batir, bolt 12, ta zauna tana jira. Abin da ya rage mata ta yi kuka shi ne nagatif, kuma ta wayar ruwan hoda zai zo. Wannan wayar ta bi cikin damin wayoyi tun daga rimot har cikin inji, ta je ga makunnin zafi da ke cuse a kan silinda. Makunnin nan a buɗe yake muddin inji na cikin lafiyarsa. In zafi ya wuce ƙa'ida sai ya rufe, ya haɗa ruwan hoda da baƙar waya, wato nagatif. Nan take ƙararrawa ta ɗauka, akwatin wutar inji kuma, CDI, ya danne gudu zuwa wajen juyi 2000 a minti. Injinka mai silinda 6 ne a jere biyu, saboda haka makunnin zafi 2 ne da shi, kowane hed, wato kan silinda na kowane jere, da nasa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan. Jikin inji gaba ɗayansa nagatif ne. Ke nan duk inda rigar wayar ruwan hoda ta goge har jan ƙarfenta ya taɓa jikin inji, ko ya taɓa wata baƙar waya da ita ma ta goge, ƙararrawa za ta yi kuka, CDI ya rage gudu, ko da inji sanyi ƙalau yake. Su ba su san wanda ya kawo nagatif ɗin ba. In kuwa wayar tsinkewa ta yi, ba za ka ji komai ba, ko da hed ya yi zafin da fenti zai ƙone. Mai kuka ba dalili tana damun ka ne kawai. Wadda ta yi shiru ita ce ke cin inji, kuma shawarar da aka ba ka ita ce a mai da ta farkon ta koma ta biyun. Ƙari a kan haka, in a wajen rimot aka yanke, rage gudun ba zai daina ba, tunda CDI na ganin nagatif ɗin har yanzu. Daga nan sai a bi makunnan zafin ma a cire, inji ya zauna ba mai gadi ko ɗaya.

Na taɓa karɓar wani inji irin naka da aka jawo da igiya daga wajen gadar Carter. Da na ɗaga murfi, na tarar da wayoyin makunnin zafi duka biyun a zare, an naɗe bakinsu da baƙin salatif an tura su bayan sitata. Leda ce ta liƙe a ramukan shan ruwa na ƙafar inji. Direban bai ji komai ba sai da ƙarfi ya ragu, wari ya taso, inji ya ƙame. Fistin 2 sun kama bango. Fasinjoji cike da jirgi, ruwa na jan su zuwa ƙafafun gada, sai da wani jirgi ya kawo ɗauki. Wanda ya san yadda ruwa ke gudu a wurin nan lokacin da teku ke janyewa ya san ba wurin mutuwar inji ba ne.

To mu koma kan zafi. Fitar ruwa ta baya, wanda muke kira fitsarin inji, yana nuna famfo na turo ruwa ne kurum. Bai nuna ruwan yana zagaya hed yadda ya kamata ba, domin a injuna da yawa tun kafin ruwa ya kai ga tamostat, bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama, ake ɗibar wannan fitsarin. Ranar da ƙararrawar ta sake yin kuka, ka dawo da totur, ka fitar da giya, ka ɗaga murfi ka ɗora hannu a kan kowane hed daban, nesa da wayoyin fulogi da filawil, faifan nan da ke juyawa a saman inji. Inji mai lafiya za ka iya barin tafinka a kai na ɗan lokaci kafin zafi ya kore ka, domin tamostat ɗin irin waɗannan injuna wajen digiri 50 yake buɗewa. In ko taɓawa ba ta yiwuwa, ko ɗigon ruwa na yin cuu a kai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, to ƙararrawarka ba ta yi ƙarya ba. Na'urar auna zafi mai kama da bindiga ta fi hannu, amma ka nemi ta masu gyara. Irin wadda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi a 2020 don jikin ɗan Adam aka yi ta.

Hanyarka kuwa cike take da abin da ke kawo zafi na gaske. Ga leda, ga garin katako, ga yashin da masu haƙa ke tayarwa, wanda ke cin infela, robar nan mai fukafukai ta cikin famfon ruwa, kamar faifan gogewa. Ga kuma ciyawar nan mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ruwan Legas ta Badagry a 1984, take rufe bakin Ikorodu duk ƙarshen damina. Leda tana da wani hali: tana manne wa ramin shan ruwa muddin kana gudu, kana tsayawa ta saki ta tafi, ka ɗaga ƙafar inji ka ga ba komai. Da rani kuma gishirin lagun, wato ruwan nan na Legas da kake bi, na ƙaruwa, ya daskare a hanyoyin ruwa na cikin hed. Injuna masu silinda 6 suna da wani bawul mai sifirin da ke riƙe matsin ruwa. In datti ya tokare shi a buɗe, inji kan yi zafi a ƙaramin gudu, ya huce in an taka. In ba ka san ranar da aka canja infela ba tun da ka sayi injin, ka canja ta ko ma mene ne ya fito daga binciken waya.

Abu na biyu da zai iya sa ƙararrawa ta faɗi gaskiya shi ne mai. Wasu injunan tokumbo suna zuwa da ƙaramin tankin baƙin mai a jikinsu, mai haɗa wa inji da kansa, kuma a cikin tankin akwai sansa mai tasowa da sauka. In mai ya yi ƙasa, ƙararrawar nan dai ita ce za ta yi kuka, gudu ya ragu. A nan mutanenmu sukan kashe wannan tsarin su koma haɗawa da hannu, rabin lita a jarkar lita 25, su bar tankin da ɗan guntun mai. Jirgi na dukan taguwa, man ya karkata, sansa ta faɗi, kuka ya tashi. Ka duba ko naka haka yake, domin alamarsa ta yi kama da abin da ka faɗa.

In hed ba zafi, mai kuma ba matsala, sai a shiga bin waya. Da sassafe ake wannan aiki, inji a sanyaye, jirgi a ɗaure, jarkokin fetur a rufe kuma nesa da inda kake aiki. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Irin akwatin rimot na 703 da ya cika jiragenmu ba ya yin wani ƙara in an murɗa makulli, saboda haka in ka ji kuka a nan, akwai inda nagatif ke shiga. Zare wayar ruwan hoda ta makunnin zafi na dama daga mahaɗarta mai kama da harsashi. In ta yi shiru, makunnin ne ya maƙale a rufe. In ba ta yi ba, mayar ka zare ta hagu, sannan soket ɗin sansar mai. In duk ka zare tana nan tana yi, laifin na cikin damin wayoyi.

Amma taka ba kullum take yi ba, sai an motsa ta, don haka kai ma motsa ta za ka yi. A nan nake so ka ba da lokaci. Makulli a murɗe, inji a kashe, yaronka ya karya sitiyari har ƙarshe dama, ya dawo har ƙarshe hagu, a hankali, kai kana saurare. Sannan a ɗaga inji sama a sauke. Daga nan ka kama damin wayoyin da hannu biyu ka riƙa lanƙwasa shi taƙi-taƙi, tun daga inda ya fito daga rimot har inda ya shiga inji. Kada ka yi sauri. Inda ƙararrawa ta yi ɗan ƙit, tsaya a wurin, sake lanƙwasawa, ka sa alama da salatif.

Wuraren da na fi kama ɓarawon sanannu ne. Na farko shi ne bakin da wayoyi ke shiga ƙasan murfin inji, inda akwai wata roba da ke riƙe su tare da tiyon fetur da kebul ɗin totur da na giya. A tsofaffin injuna robar ta mutu ko ta ɓata, dami na gogar gefen alminiyam duk lokacin da aka juya inji. Tunda ka ce karya sitiyari na tayar da ita, nan zan fara kai hannu. In ka warware baƙin naɗin za ka ga wurin ya yi sheƙi, rigar wayar ta sirance kamar fatar albasa, wani lokaci silin jan ƙarfe ɗaya tak ne ya leƙo. Na biyu shi ne cikin akwatin rimot kansa, inda ake matse waya tsakanin murfi da jiki in an buɗe an mayar da gaggawa, ko hannun totur ya riƙa shafar ta. Na uku, ƙarƙashin bencin fasinja, inda aka ja dami a ƙasan jirgi, ana taka shi, ana ɗora masa kaya, ko an kafa sukuru ya ratsa shi. Na huɗu, duk inda aka yi ƙari. Damin da ya zo da inji sau da yawa ba ya kai tsawon jiragenmu, sai a yanka a ƙara da wayar gida, a murɗe da hannu, a naɗe da salatif, mahaɗin ya kwanta cikin ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi.

Wannan na ƙarshen yana da tasa alamar. Ƙararrawa irin ta zamani wuta kaɗan take ci, ruwan gishiri kuwa yana ɗaukar wuta. In danshi ya shiga tsakanin ruwan hoda da baƙa, za ka ji kuka ƙasa-ƙasa, a shaƙe, kamar na gyare, ya ƙaru bayan ruwan sama ko bayan an wanke jirgi, ya ɓace in rana ta buɗe. Buɗe babban soket mai ƙafa 10 da ke haɗa damin jirgi da na inji ka leƙa. In ka ga kore-kore ko farin gari a gindin ƙafafun, ka samu.

Akwai wani tarko a wannan soket ɗin da ke kama har masu wayarin. Mutum ya raba shi, ƙararrawa ta yi shiru, ya ce ai laifin na ɓangaren inji ne. Ba haka ba ne. Wutar da ke zuwa makulli ta cikin soket ɗin take bi da jar waya, kana raba shi ka kashe komai. Mita, wato na'urar auna lantarki, ake sa wa. Kashe makulli, zare ƙararrawar daga wayoyinta a rimot, raba soket, ka sa mita a ma'aunin om tsakanin ƙafar ruwan hoda da ta baƙa a ɓangaren jirgi. Bai kamata ta nuna haɗuwa ba ko kaɗan, ko ana girgiza dami. A ɓangaren inji za ta iya nuna wani adadi mai yawa saboda CDI, wannan ba komai. Abin da kake nema shi ne adadin da ya faɗo kusa da sifiri.

Shi kansa makunnin zafi ana gwada shi a gida. Zare shi, ka rataya kansa cikin tukunyar ruwa a kan wuta ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, mita a kan wayoyinsa biyu, ma'aunin zafi a cikin ruwan. A manyan Yamaha tu-sitirok da yawa yana rufewa tsakanin digiri 84 da 90, ya sake buɗewa in ruwa ya huce zuwa tsakanin 74 da 60. Ka duba littafin samfurin injinka don adadinsa. Wanda ya rufe tun ruwa bai fara tururi ba, ko wanda ruwa ya tafasa bai rufe ba, a jefar. Ba a gyara shi.

Yanzu gwajin da na fi so kowane direba ya iya, ko da ƙararrawarsa ba ta taɓa damun sa ba. Makulli a murɗe, zare ruwan hoda daga makunnin zafi, ka ɗauki bakin da ya fito daga dami ka taɓa shi a kan noti mai tsabta a jikin inji. Dole ta yi kuka da ƙarfi. Yi wa ɗaya hed ɗin haka. A wasu samfura sai inji na aiki take amsawa, don haka in ta yi shiru ka tayar da shi a cikin ruwa ka sake. Kada ka tayar a tudu, infela ba ta jure bushewa ko na ɗan lokaci. In har yanzu shiru, buɗe rimot ka auna rawayar waya, ka ga ko wutar batir na isowa. In babu, bi ta makulli zuwa fis ɗin da ke jikin inji, wanda galibi mai amfiya 20 ne. In akwai wuta, taɓa ƙafar ruwan hoda ta ƙararrawar da nagatif a nan cikin rimot. Ta yi kuka, waya ce ta tsinke a hanya. Ba ta yi ba, ita ce ta mutu. In za ka sa sabuwa ka lura da fozitif da nagatif ɗinta, domin irin waɗannan ba sa kuka in an juya su, kuma ka zaɓi mai ƙarar da za ka ji a kan rurin doki 200. Na sha ganin an sa ƙaramar boza ta allon lantarki wadda ko a bakin jeti da ƙyar ake jin ta.

Kada ka raina kan batir. Notin nan mai fukafukai da ake ɗaurewa da yatsa yana saki da girgiza. Sa noti na gaske ka ɗaure da sifana. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna wajen 12.6, in inji na caji ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. Baƙar kebul ta nagatif in ta ci tsatsa daga ciki, wuta kan nemi hanya ta ƙananan wayoyi, sai ka ga agogo na rawa, ƙararrawa na ɗan ƙit-ƙit in an danna tirim, makunnin ɗaga inji da sauke shi. Kuma kada a cire kan batir inji na aiki, rektifaya, abin da ke cajin batir, ce za ta ƙone.

Ga masu wasu injunan da za su karanta wannan: tsarin ɗaya ne, launi ne ya bambanta. A Mercury wayar makulli shunayya ce, ta ƙararrawa ruwan ƙasa mai ratsin shuɗi, kuma yawancinsu suna yin ƙara sau ɗaya in an murɗa makulli don nuna tana raye. Johnson da Evinrude ruwan ƙasa zalla. Sababbin fo-sitirok masu kwamfuta kuwa, kwamfutar ce ke ba ƙararrawa nagatif bayan ta saurari sansar zafi, ta matsin mai, ta ruwa a cikin fetur da ƙarfin batir. A Yamaha irin waɗannan, kuka mai yankewa da ke zuwa in giya na furi yawanci ruwa ne a kofin tace fetur. Kada a riƙa taɓa wayoyinsu da ƙarfe ko kwan gwaji barkatai, a sa musu na'urar karanta lambar matsala. Injin gas na cikin jirgi, irin su Yanmar da Volvo Penta, nasu kukan da zarar an murɗa makulli daidai ne, domin makunnin matsin mai a rufe yake har sai inji ya tashi. Shirun ne abin tsoro a can. Makunni mai waya ɗaya kuma ta zaren da ake murɗa shi da shi a jikin inji yake samun nagatif, in aka lafta masa farin tef na masu famfo an kurmantar da shi.

In ka gano wurin, cire nagatif ɗin batir kafin ka sa filaya. Yanke inda ya goge, ka feƙe rigar wayar ka duba jan ƙarfen. In baƙi ne, gishiri ya bi ta cikin rigar, ci gaba da yankewa har sai ka iso inda yake ja yana ƙyalli. In ka yi kamu guda bai yi ja ba, ja sabuwar waya tun daga rimot har inji, ya fi sauƙi. Nemi mai sili da yawa, in da hali wadda aka yi wa ruwan kuza don aikin ruwa. Wayar gida mai sili ɗaya girgiza na karya ta. A matse mahaɗi da abin matsewa na gaske, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi, irin mai gam a ciki. Salatif kaɗai ba ya kai damina ɗaya a lagun. Wanke soket da maganin wanke mahaɗar lantarki, bar shi ya bushe, shafa ɗan giris na lantarki a bakin robarsa. Sauya robar bakin murfi, in ba ka samu ba ka tsaga guntun tiyo ka sa wa dami riga a wurin. Ɗaga dami daga ƙasan jirgi ka ɗaure shi a gefe, amma ka bar masa sako-sako a baya yadda inji zai juya ya ɗagu ba tare da ya ja shi ba.

Bayan ka gama, sake gwajin taɓa ruwan hoda a jikin inji a kowane hed, sannan a karya sitiyari dama da hagu kana saurare. Fita ba fasinja ka yi gudu na minti 15, ka daki taguwar wani jirgi da gangan, ka dawo ka taɓa hed biyun. In ta sake kuka kuma hed na da zafi, bar waya haka, a sauke ƙafar inji a duba famfo, a buɗe tamostat da bawul ɗin matsin ruwa. In ka je wurin makanikin, ka ce ya nuna maka tsohuwar infelar a hannunka ka ƙirga fukafukanta, domin wanda ya ɓalle yana can cikin hanyar ruwa kuma sai an fito da shi.